Yadda Ake Sulhun Da Zai Ɗore A Tsakanin Hausawan Legas

Sulhu da yawa da ake yi a zangunanmu na Legas ba ya daɗewa, kuma dalilin a fili yake. A tara mutane a ƙofar masallaci bayan La'asar, dattijo ya ce "ku yi haƙuri don Allah, ku 'yan uwan juna ne," a sa su gaisa, a shafa Fatiha, a watse. Wanda ake bi kuɗi ya koma gida ransa fes. Wanda yake bi ya koma da ƙulli a zuciya, domin ba wanda ya faɗa masa ranar da kuɗinsa za su fito. Bayan sati biyu maganar ta dawo, wannan karon a caji ofis, ga kuɗin mota, ga asarar yinin kasuwa, ga gabar da za ta bi su har gida Arewa.

A kowace rigima akwai abu biyu. Akwai haƙƙi, wato abin da ake iya ƙirgawa: bashi, la'ada, kuɗin haya, wurin kasa kaya, albashin yaron shago. Akwai kuma ɓacin rai: zagi a bainar jama'a, raini, tona asiri, kiran mutum ɓarawo. Ban haƙuri na biyun kaɗai yake warkarwa. Na farko sai lissafi da biya. Mai sulhun da ya cakuɗa su ya ce a yafe komai gaba ɗaya, mai rauni ya danne ko da bai yi nufi ba, kamar wanda ya ɗinke rauni ya bar ƙayar a ciki.

Wa zai shiga tsakani

Mutum biyu sun fi ɗaya, uku kuwa sun isa. Sharaɗin farko shi ne ɓangarorin biyu su yarda da su tun kafin a zauna. Na biyu, kada ya kasance ɗayansu yana bin mai sulhu kuɗi ko mai sulhu yana binsa. A Legas akwai ƙarin abin lura, wato garin asali. Idan rigimar tsakanin Basakkwace ce da Bakano, ko ɗan Nijar da Bakatsine, kowa ya kawo dattijo ɗaya da ya amince da shi, dattawan biyu su zaɓi na uku. In ba haka ba, duk adalcin da aka yi za a ce ɗan garinsu ya goya wa baya.

Dole kuma a samu wanda ya san sana'ar. Liman ya san hukuncin bashi, amma ba lallai ya san yadda ake cire la'adar saniya a mayankar Oko-Oba ba, ko abin da 'yan dako ke karɓa a kan buhun albasa a kasuwar Mile 12. A haɗa shi da tsohon ɗan kasuwar.

A fara daga ƙasa. Ubangida ko shugaban layi, sai shugaban sashe na kasuwa, sannan Sarkin Hausawan unguwa. Ƙaramar maganar da aka ɗauka kai tsaye zuwa fada, kowa ya ji, janye ta yakan yi wuya, don kowa zai tsaya kare mutuncinsa ne. Idan akwai mace a cikin rikicin, a samu dattijuwa ta ji ta bakinta. Abin da za ta faɗa wa mace ba za ta faɗe shi a gaban maza biyar ba. Mai sulhu ba ya karɓar ko goro daga ɓangare ɗaya. In akwai kuɗin mota, su raba daidai, a gaban juna.

Kafin a haɗa su

Kada a zaunar da su a ranar da suka yi faɗa. A bari su kwana ɗaya ko biyu, amma kada a wuce uku. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku, kuma bayan nan 'yan zuga sun riga sun shiga.

A cikin kwanakin nan ake yin rabin aikin. A samu kowa shi kaɗai, minti talatin zuwa awa ɗaya, a bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa ba tare da an gyara masa zance ba. In ya gama, sai a tambaye shi: nawa ne asararka, da adadi? Me kake so a yi maka? Me za ka iya bari idan an yi maka wancan? Sai tambayar da aka fi mantawa, alhali ita ce ke rusa sulhu: wa kuma ke da baki a maganar nan? Sau da yawa yaron da ke gabanka ba shi ne mai jarin ba. Mai kuɗin yana Kano ko Funtuwa, ko kuwa uwargida ce ta ba da kuɗin adashenta. Duk abin da aka yanke ba da saninsa ba, waya ɗaya zai buga ya warware shi. A kira shi tun yanzu, ranar zama kuma ya kasance a kan waya.

A nemi shaida tun kafin ranar: rasit, alat na banki, littafin dillali, saƙon murya na WhatsApp. In an ce an tura kuɗi an kuma ce ba su shigo ba, kowa ya je bankinsa ya ciro takardar shige da ficen asusunsa ta wannan watan, gardama ta ƙare. Mai ba da shaida wanda ya gani ne da idonsa. "An ce" ba ta shiga zaman sulhu.

Wani abu da ya kamata mai sulhu ya riƙe da kyau: zagin da ya ji a ɗakin wannan ba ya kai shi ɗakin wancan. Abin da ake ɗauka a kai shi ne buƙata da duk wata kalma mai taushi da ta fito, ko da guda ɗaya ce.

Ranar zama

Wurin ya zama ba na kowa ba a cikinsu. Gefen masallaci ko ofishin ƙungiya ya fi shagon ɗayansu. Kada a sa lokacin da kasuwa ke ci. Mai kayan gwari hankalinsa ba ya tare da kai da safe. Bayan Azahar ko La'asar ya fi. Idan ɗaya yana Agege ɗaya yana Alaba Rago, a duba cunkoson hanya, kada wani ya iso a gajiye ya tarar ana jiransa da fushi. Kowa ya zo da mutum biyu, ba ƙari. A zaunar da su daidai: in tabarma ce duka tabarma, in benci ne duka benci, ko da ɗaya Alhaji ne ɗaya ɗan dako. In ban da wadda aka kira mai jarin da ita, a ajiye wayoyi, ba ɗaukar murya, ba bidiyo, domin mutum ba ya amsa laifi in ya san gobe za a ji shi a zauren WhatsApp.

A faɗi ƙa'ida tun farko. Ba katse magana, ba ambaton iyaye, ba tono abin da ya wuce shekaru. Kowa minti goma, kuma mai sulhu zai fuskanta, ba abokin rigimarsa ba. In ya gama, mai sulhu ya maimaita masa: "Alhaji, abin da na fahimta shi ne kun ba shi kaya ranar Litinin, kuka yi da shi zai turo kuɗi ranar Juma'a, har yau rabi ya turo. Haka ne?" Sai ya ce haka ne, ko ya gyara. Wannan maimaitawar tana sauke fushi fiye da wa'azi, domin mutum ya ji an ji shi. A nan ne kuma ake mayar da zagi ya koma lissafi. In ya ce "yaron nan ɓarawo ne," sai a ce, "Wato kwando goma sha biyar ne ba a ba ku lissafinsu ba." Zagi ba a sasanta shi, kwando goma sha biyar kuwa ana iya bin sawunsu.

Daga nan a fara da abin da suka yarda a kai, a rubuta. Abin da ya rage na gardama yawanci bai wuce biyu ko uku ba. Kada a yi saurin ɗauko Alƙur'ani a ce wani ya rantse. Da zarar mutum ya rantse, ba shi da hanyar ja da baya sai ya ƙaryata kansa, ƙofar sulhu ta rufe ke nan. In zama ya kai awa biyu ba a gama ba, a tashi a yi salla, a sa wata rana.

A ɗauki misalin tumatir, tunda rigimarsa ba ta ƙarewa. A ce manomi daga Kura ya turo kwando 100 zuwa Mile 12. Dillali ya ce mota ta makara, kwando 30 sun yi ruwa, a rabin kuɗi ya sayar. Mai kaya ya ce ƙarya ne. Abu na farko, kuɗin kwando 70 da ba gardama a kansu a biya su nan take. Ba dalilin riƙe su. Sannan a kira direba: yaushe ka tashi, yaushe ka iso, ina ka kwana? Wa ya tsaya a kan sauke kayan? Akwai hoto? A tambayi dillalai biyu na wani layi farashin wannan ranar. A cire kuɗin mota da dako da kuɗin ƙungiya da la'ada, a ga ainihin giɓin. Dillali amini ne, ba a ɗora masa asarar da ba sakacinsa ya jawo ba. Amma in ya bar kaya suka yini a rana yana jiran farashi, ko ya ba da bashi ba da izinin mai kaya ba, wannan nasa ne. Idan babu hujja ko ta ina, kuma dillalin bai buga waya ba kafin ya karyar da kayan, adalci shi ne ya bar la'adarsa a kan kwandunan 30, sauran giɓin a raba. Kada a tashi sai an sa ƙa'idar gaba: bidiyon minti ɗaya yayin sauke kaya, da kiran mai kaya kafin a sayar ƙasa da farashi.

Bashin da aka amsa kuwa, tambayarsa ɗaya ce: yaushe, nawa-nawa? "In Allah ya hore" ba rana ba ce. A tambayi mai biya abin da yake samu a sati, a yanka masa abin da zai iya. Bashin Naira 600,000, alal misali, ya ba da 150,000 a wurin zama, sauran 50,000 sau tara, a ranakun da aka ambata. Wani abu ya fito a ranar, ko kaɗan ne, shi ke sa mai bin bashi ya yarda ba wasa ake masa ba. Ka'abu ɗan Malik ya taɓa ɗaga murya a masallaci a kan bashinsa, Annabi ya yi masa nuni ya yafe rabi, ya yarda, sai Annabi ya ce wa wanda ake bi ya tashi ya biya. Rangwame tare yake tafiya da biya. Kada kuma a ƙara ko kwabo saboda jinkiri, wannan riba ce. In ana shakkar mai biya, a nemi wanda zai tsaya masa.

Sai an gama da haƙƙi ake zuwa ban haƙuri, kuma inda aka ci mutunci nan ake mayar da shi. Wanda aka kira ɓarawo a tsakiyar layi, ba a ba shi haƙuri a ɗaki. In a zauren WhatsApp na ƙungiya aka rubuta, a can za a janye. Al'adarmu ce ƙarami ya fara, ya ce "Baba, ku gafarce ni." To amma in babban ne ya yi zagin, shi ma sai ya furta, ko da "na yi fushi, na faɗi abin da bai dace ba" ne kawai. Yaran da ake tilasta wa durƙuso a kan laifin manya su ne ke riƙe abu a rai shekara da shekaru.

A rubuta

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka kada wani ya ce rubutu rashin yarda ne. Takarda ɗaya ta isa: cikakken sunan kowa, kwanan wata, adadin kuɗi da lamba da kuma kalmomi, ranakun biya, asusun da za a tura, abin da zai biyo baya in an saɓa sau biyu a jere, sa hannu ko dangwale, shaidu biyu. A karanta da ƙarfi kowa ya ji. A yi kwafi uku, ɗaya a hannun mai sulhu, kowa kuma ya ɗauki hotonta a waya. Boko ko ajami duk ɗaya ne, amma in ɗaya ɓangaren ba Bahaushe ba ne, ko ana ganin maganar na iya kaiwa kotu, a yi kwafin Turanci. A sa ranar waiwaye bayan sati biyu. Biyan farko ne ke nuna ko sulhun zai rayu.

Gidan haya

Nan rashin sanin doka ke cutar da mutanenmu. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ce, in ba wata yarjejeniya aka rubuta ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan wata uku ko wata shida notis ɗin wata uku, mai biyan shekara kuwa wata shida. Bayan ya ƙare akwai wani na kwana 7, sannan kotu. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa, ko kware rufi, ko watso kaya waje. Laifi ne da ke da tarar da ta kai Naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. Dole ne kuma ya ba da rasit. Dokar ba ta shafi Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA ba. Mai sulhu ya san wannan, amma kada ya shiga gidan dattijo yana kaɗa masa doka a fuska. A gaishe shi yadda ya kamata, a ji kokensa, domin sau da yawa ba kuɗin ne ke damunsa ba: ɗakin da ya ba mutum biyu ne ya tarar mutum takwas na kwana. In haka ne, gaskiyarsa ce, a faɗa wa namu. Rigimar kuɗin wuta da shara da wankin banɗaki kuwa, a ƙirga kayan wutar kowane ɗaki a raba bil a kan haka, a manna jadawalin shara a bango.

Idan rigimar ta haɗa da wanda ba Bahaushe ba

Wannan ba ya jiran kwana biyu, awa ɗaya ma ta yi yawa. Wanda ya san Legas ya san rikicin da ya ɓarke a Ketu a Nuwamban 1999 a kan shugabancin kasuwa, da Idi-Araba a Fabrairun 2002, da Mile 12 a Maris na 2016, inda saɓani da ɗan acaba ya zama faɗan unguwa, aka rasa rayuka, gwamnatin Akinwunmi Ambode ta rufe kasuwar. Waɗanda suka yi asara mafi yawa a irin waɗannan ranaku ba su ma san yadda abin ya faro ba.

Da zarar abu ya faru, a janye mutum biyun daga cikin taro. In akwai wanda ya ji rauni, asibiti tukuna, kuma ƙungiya ta ajiye kuɗin magani ba tare da jiran a tantance mai laifi ba. Za a yi wannan lissafin daga baya. Sarki ko shugaban ƙungiya ya kira Baale, wato mai unguwar Yarabawa, da shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa ta CDA, da Iyaloja ko Babaloja, wato shugabar ko shugaban kasuwa, in a kasuwa ne, da DPO. Lambobin nan tun ana zaman lafiya ake karɓarsu, ranar tashin hankali ba a neman lamba. Mutum ɗaya ne zai yi magana da yawun jama'a. Wasu dattawa biyu su tsaya a kan matasa, kada kowa ya fita da sanda ko wuƙa da sunan kare kai. A hana tura saƙon "ana kashe 'yan uwanmu" da tsofaffin bidiyoyi; kafin Magariba sun isa Kano da Kaduna, su jawo wa wasu bayin Allah bala'i a can. Idan namu ne ya yi laifi, kada a ɓoye shi, kada kuma a miƙa shi ga taro. Dattawa su raka shi caji ofis da kansu.

A wurin zama a kira kowa da sunansa. Duk wanda ya ce "Hausawa sun yi" ko "Yarabawa sun yi," a mayar da shi kan mutum biyun. A samu tafintan da duka suka yarda da shi, don buroka tana isa ciniki amma ba ta isa sulhu. A kuma yi wa juna bayanin ɗabi'a: ɗaga muryar maƙwabcinmu ba kullum faɗa ba ne, shirun Bahaushe kuma ba kullum yarda ba ne, don haka a tambayi kowa a fili ko ya amince. In an gama, shugabannin ɓangarorin biyu su zaga kasuwa ko layin tare, a ƙafa, jama'a su gani.

Abin da ba a rufewa da sulhu

Kisa, fyaɗe, lalata da yaro, sara ko suka da makami, waɗannan na hukuma ne. A kira 112 ko 767. Saɓanin miji da mata ana sasanta shi yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tsara, wakili daga danginsa, wakili daga danginta, ko da ta waya ne tunda iyaye suna nesa. Amma matar da ake duka har ta ji rauni, ba a ce mata "koma ɗakinki" a juya baya. Legas tana da dokar kariya daga cin zarafi a cikin gida tun 2007, da hukumar DSVA da ke karɓar irin wannan ƙara.

Bashi da saɓa alkawarin ciniki kuwa ba na 'yan sanda ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kansu, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Idan sulhun gida ya ci tura, akwai cibiyar sasanta jama'a ta Ma'aikatar Shari'a ta jiha, CMC, wadda ke aiki tun 1999, kyauta, a kan haya da bashi da albashi da rikicin iyali. Akwai cibiyar sasanci ta LMDC da aka buɗe a 2002 a jikin Babbar Kotu, inda yarjejeniyar da alƙali ya sa wa hannu take zama hukuncin kotu. Akwai kuma kotun ƙananan basussuka da aka kafa a 2018 a kotunan majistare, don kuɗin da bai wuce Naira miliyan 5 ba a lokacin kafa ta. Ana fara aika wa wanda ake bi takardar neman biya a ba shi kwana 14, lauya ba dole ba ne, kuma an tsara a gama shari'ar cikin kwana 60. Duk inda za a je a cikinsu, a tafi da takardar sulhun farko, da rasit, da takardar banki, da lambobin wayar shaidun nan biyu.